Yayan ya zo da kilo 4.4, ƙanwar da kilo 2.2: shin duka biyun suna cikin haɗari?

Assalamu alaikum Anti. Yarana biyu. Na farin namiji ne, da kilo 4.4 ya zo, na sha wuyar naƙuda har sai da aka yi mini ƙari. Ranar suna kowa sai tubarkalla. Yanzu shekararsa 6, kilonsa 30, ko ɗan gudu ya yi sai haki, 'yan ajinsu kuma suna ce masa lukuti. Yawanci a sashen Hajiyar maigidana yake wuni. Ƙanwarsa kuwa da kilo 2.2 ta zo, alhali cikin ya cika wata tara, sai dai na yi fama da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini a cikinta. Watanta 4, a awon da ya wuce kilonta 5.2, nono zalla nake ba ta. Hajiya ta ce nonona ya tsinke, ta sayo madarar gwangwani da fida, ta ce a fara kunu. Wata maƙwabciya kuma ta ce akwai maganin ruwa a kemis da ke sa yaro ya yi kumari. Kwanan baya na ji wani likita a rediyo yana cewa wanda aka haifa ƙarami yana iya yin ciwon suga in ya girma, wanda aka haifa ƙato kuma ƙiba ce ke jiransa. Ni ga shi duka biyun Allah ya ba ni. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yaya zan yi?

Uwar biyu, daga Gusau

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya sa masu jin ƙanku ne.

Rabin amsarki tana cikin lambobin da kika rubuto da hannunki, don haka mu fara da lissafi. Yarinya ta zo da kilo 2.2, yau tana 5.2. Kilo 3 ke nan ta ƙara a wata 4, ta ninka nauyin haihuwarta har da ɗoriya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 'ya mace mai matsakaicin nauyi tana zuwa da kilo 3.2, ta kai 6.4 a wata na huɗu, ƙarin kilo 3.2 ke nan. Tsakanin abin da taki ta ƙara da abin da waccan ta ƙara, giram 200 ne kacal. Nonon da ya tsinke ba ya wannan aikin. Abin da idon Hajiya yake gani gaskiya ne, yarinyar ta fi sa'o'inta ƙanƙanta, amma tun haihuwa a bayansu ta faro, kuma tafiyar da suke yi ita take yi.

In wani ya ce miki ai ma'aunin na 'ya'yan Turawa ne, ba haka ba ne. A 2006 aka fitar da shi, bayan an bibiyi dubban yara masu shan nono a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. Abin da aka gano shi ne, in an ba yara kulawa iri ɗaya, ɗan Akara ta Gana da ɗan Oslo ta Nowe kusan girma ɗaya suke yi har shekara biyar. Layukan da ake zanawa a katin awon yara daga irin wannan aikin suke fitowa, kuma abin da malaman asibiti ke dubawa a katin shi ne inda layin ɗanki ya dosa wata bayan wata. Ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai.

Likitan rediyo bai yi ƙarya ba, sai dai rediyo ba ta da lokacin da za a warware zance. Asalin maganar daga Ingila ta taso. A gundumar Hertfordshire, tun daga 1911, ungozomomi da ma'aikatan lafiya masu zagaya gidaje suna rubuta nauyin kowane jariri ranar haihuwa da kuma ranar da ya cika shekara. Shekaru da yawa bayan haka wani likita mai suna David Barker da abokan aikinsa suka tono waɗannan tsofaffin kundaye, suka bi sawun mutanen, suka wallafa a 1989 cewa mazan da suka fi ƙarancin nauyi a jarirantaka sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Daga baya aka ga irin haka game da hawan jini da ciwon suga. Bayanin da masana suka bayar mai sauƙin ganewa ne. In abinci bai isa ga ɗan tayi yadda ya kamata ba, ko don mabiyiya ta samu matsala kamar yadda zazzaɓin cizon sauro da hawan jini ke jawowa, jikinsa yakan fifita ƙwaƙwalwa, ya yi tsimi a sauran wurare. Tsoka takan yi ƙaranci, ƙoda takan zo da matatu kaɗan, kuma ƙoda tana gama ƙera matatunta ne wajen mako na 36 na ciki, ba a ƙara sababbi daga baya. A garin Pune na Indiya, wani likita mai suna Yajnik ya nuna cewa jariran can da ake haifa sirara tsoka ce suka rasa, kitsensu kuwa kusan yana nan.

Sai dai akwai rabi na biyu, wanda shi ne ya shafe ki, kuma shi ake yawan tsallakewa. Da aka bi tarihin mutanen da aka haifa a Helsinki ta ƙasar Finlan tsakanin 1934 da 1944, waɗanda suka fi shiga haɗarin ciwon zuciya su ne waɗanda aka haifa ƙanana, suka kai shekara biyu sirara, sannan daga nan suka shiga tara ƙiba da sauri. An kuma haɗa bayanan yara daga Birazil, Guatemala, Indiya, Filifin da Afirka ta Kudu, ƙasashen da halinsu ya fi kusa da namu, aka wallafa a 2013. Sakamakon ya rabe gida biyu. Yaron da ya samu tsawo da kyau a shekaru biyun farko yakan fi tsayi in ya girma, yakan kuma fi nisa a karatu. Wanda nauyinsa ya riƙa gudu ya bar tsawonsa a baya, musamman bayan shekara biyu, shi ne ke fin haɗuwa da ƙiba da hawan jini. Kamar a-kori-kura ce: in aka ɗora mata kayan da ya dace da ita za ta yi shekaru tana aiki lafiya, in aka lafta mata lodin tirela ne ake jin inji yana kuka. Ƙanƙantar haihuwa ita kaɗai ba hukunci ba ce. Haɗuwarta da ɗurin ƙiba daga baya shi ne abin gudu, kuma wannan a hannunku yake.

Kin ga ke nan shirin da ake yi wa yarinyar a gida, da kyakkyawar niyya, shi ne hanyar da ta fi kusa zuwa abin da kike tsoro.

Kada ki ji wannan ki fara ƙidaya mata shan nono, ko ki riƙa cire ta don kada ta yi ƙiba. A ƙasarmu abin da ke ɗauke jariran da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 gudawa ce da ciwon haƙarƙari da zazzaɓi, tun kafin a zo maganar abin da zai faru a shekara hamsin. Duk lokacin da ta nema ki ba ta, dare da rana. Ki bar ta ta tsotse ɗaya sosai kafin ki juya ta ga ɗayan, domin nonon da ke fara zuwa yakan fi ruwa-ruwa, mai maiƙon yana biyo baya. Ina zargin wannan na farkon ne ake tatsowa a gani a ce ya tsinke. In ta cike gurbinta a kan nono, a hankali, tsawo da nauyi suna tafiya tare, alheri ne. Wasu yaran da aka haifa ƙanana sukan cim ma sa'o'insu kafin shekara biyu, wasu su tsaya ɗan ƙasa kaɗan, lafiyarsu ƙalau. Sannu ba ta hana zuwa.

Gwangwanin da Hajiya ta sayo, a ajiye shi. Akwai jariran da dole sai da madara, kamar wanda uwarsa ta rasu ko take kwance, kuma likita ne ke yanke wannan. Taki ba ta cikinsu. Da zarar fida ta shigo, tsotso yana raguwa, nono kuma gwargwadon tsotso yake zuwa, sai a wayi gari maganar Hajiya ta zama gaskiya alhali da farko ba gaskiya ba ce. Ga wanke fida da tafasa ruwa sau da yawa a rana, wanda in aka yi sakaci sau ɗaya gudawa ce, kuma gudawar mako guda tana iya kwashe ribar wata. Ga kuma halinmu na manya: in da saura a kwalba sai mun ga bayansa, don kuɗi aka sa. Yaro ya kau da kai, a sake cusa masa. Da haka ake koya masa ya daina sauraren ƙoshinsa.

Kunu a wata huɗu kuwa asara ce biyu. Tsinkakken kunu ko koko yana cika ɗan cikinta da ruwa da gari, ya tare wurin nonon da ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Ɗura kuma, irin wadda ake kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba, ina roƙonki kada ki bari a yi mata ko sau ɗaya. Kunu yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Haka ruwa, ko da zafi ake yi, nono ya ishe ta har wata shida. Zuma kuma sai ta cika shekara.

Maganin kemis shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe, ɗayan biyu ne. Ko maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci, wanda bai dace da jariri ba sam, ko kuma irin su deksa ne. Deksa tana kumbura fuska da ciki, a ga kumatu a yi murna, alhali a ciki tana tauye tsawon yaro, tana raunana garkuwar jikinsa, tana ɗaga sugan jininsa. Haka abincin gyaɗar nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, da ake samu ana sayarwa a bayan fage. Magani ne na masu tamowa mai tsanani, da awo ake bayar da shi. Maganin da ya kamata ki tambaya a asibiti shi ne na ƙarin jini, domin jariran da aka haifa ƙanana sukan zo da ƙarancin ajiyar sinadarin ƙarfe, likita zai gaya miki ko tana buƙata da kuma adadin.

In ta cika wata shida sai a fara abinci, nono yana ci gaba har shekara biyu. A nan inganci ake nema. Kunu ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba, a sa masa gyaɗa ko waken suya, a riƙa ba ta ƙwai, dakakken kifi, hanta, faten wake, kabewa, zogale, ayaba, gwanda. Waɗannan su ke gina tsawo da tsoka. Suga da biskit da lemo kitse kawai suke ginawa. Ki riƙa kai ta awo duk wata, ki roƙa a auna tsawonta ma, don sau da yawa sikeli kawai ake ɗora yaro a sallame shi. In layin ya kwanta ko ya sauka a awo biyu a jere, ko ta rage tsotso, ko fitsarinta ya yi ƙasa da sau shida a yini da kwana, ko ta yi zazzaɓi ko numfashi da sauri, kada ki jira ranar awo.

Yanzu yayan. Gaskiya shi ne ya fi buƙatar a tashi tsaye a yau, ko da yake a gidan ba shi ake kallo ba. Matsakaicin yaro namiji ɗan shekara 6 yana tsakanin kilo 20 da 21. Ba ki faɗi tsawonsa ba, kuma ba a yanke hukuncin ƙiba sai da tsawo, amma kilo 30 tare da haki ya isa a kai shi a auna shi sosai. Jaririn da ya haura kilo 4 ana lissafa shi cikin manya, kuma gaskiya ne irinsu sun fi yiwuwar yin ƙiba a yarinta. Dalilan girman suna da yawa: iyaye dogaye, uwa mai jiki, ciki ya zarce lokacinsa. Akwai kuma sugan ciki, wato ciwon sugan da ke tasowa lokacin da mace take da juna biyu. In suga ya yi yawa a jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan, amma insulin ɗin uwa, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba ya ratsawa, sai jikin ɗan ya ƙera nasa da yawa, shi kuma insulin aikinsa ajiya, sai a haifo yaro mai kitse da faɗin kafaɗa. Wuyar naƙudar da kika sha tana iya zama daga nan.

Amma kilo 4.4 na ranar haihuwa ba shi ya kawo shi 30 ba. Mafi yawan yara masu ƙiba da matsakaicin nauyi aka haife su, kuma da yawa daga waɗanda aka haifa ƙatti sukan daidaita kafin su shiga makaranta. Shekara shida na cin abinci ne a tsakani. Kin ce a sashen Hajiya yake wuni, kuma na san yadda ɗan fari yake a wajen kaka. Ke kina kara, ba kya iya tsawata masa a gabanta, ita kuma maigidanta ne, duk abin da ya nuna sai a miƙo. Ki zauna ki lissafa abin da ke shiga bakinsa daga safe zuwa dare na kwana biyu ko uku, har da na makaranta da na Islamiyya da na mai shago. Ina kyautata zaton ba tuwo ne zai ba ki mamaki ba. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 8 zuwa 9. Lemon kwali da ake sa wa yara a jakar makaranta, da zoɓo da kunun aya na sayarwa, da shayi mai kauri, duk tafiyarsu ɗaya, kuma abin sha ba ya ƙosarwa, yaro zai sha ya kuma ci abincinsa cif.

Ba a sa ɗan shekara shida azumin rage ƙiba, ba a ba shi shayin rage teɓa. Yaro ne mai girma, abin da ake so shi ne nauyin ya tsaya ko ya rage gudu, tsawo ya zo ya same shi. Ruwa ya maye gurbin lemo, lemon ya koma na ranar biki. Abinci sau uku a kan lokaci, da ɗan abin taɓawa kamar gyaɗa, lemon zaƙi na ɓarewa, kankana ko dafaffen ƙwai. A rage taliyar leda da soye-soye, a ƙara wake da ganye, a zuba masa a kwanonsa daidai cikinsa, kada a ce sai ya cinye. Ya samu aƙalla awa guda kullum yana wasan da zai yi gumi, ƙwallo ko keke ko langa ko guje-guje da yaran unguwa, waya da talabijin su ragu, ya kuma kwanta da wuri, don ƙarancin barci ma yana da hannu a ƙibar yara. Sharaɗin shi ne gidan duka ya canza. In babansa yana shan lemo a gabansa shi an hana shi, horo ne kawai zai gani. Sunan lukuti kuma kada ya shigo gida ko da wasa, yaron da ake kunyatawa a kan jikinsa yakan koma cin abinci a ɓoye. In kin lura yana minshari mai ƙarfi, ko bayan wuyansa ya yi baƙi-baƙin da za ki ɗauka dauɗa ce amma ba ta fita da soso, ko ƙibar tana ƙaruwa tsawo ya tsaya, ki faɗa wa likita waɗannan da bakinki.

Akwai mutum na uku a wasiƙar nan da ba ki tambaya a kansa ba, ke kanki. Macen da ta haifi ɗa mai kilo 4.4, ta kuma yi hawan jini a ciki na gaba, ya kamata ta san sugan jininta da awon hawan jininta yanzu, ba sai ta sake ɗaukar ciki ba. Sugan ciki yakan tafi bayan haihuwa, amma yana barin mace cikin haɗarin ciwon suga na dindindin a shekarun gaba, kuma yana daɗewa bai nuna alama ba. Gwajin ba shi da tsada. In Allah ya kawo wani rabon, bayan kin huta kamar shekara biyu, ki fara awo da wuri, ki gaya musu nauyin yaran nan biyu tun ranar farko, a yi miki gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28 ko ma kafin nan, ki sha maganin rigakafin zazzaɓin da ake bayarwa a awo da na ƙarin jini, ki kwana a gidan sauro.

Saura Hajiya. Ba na so ki mai da ita abokiyar gaba. Ta yi zamanin da siririn jariri sau da yawa ba ya kai yaye, mai yiwuwa ta binne nata ko na 'yan'uwanta, shi ya sa kumatu a wajenta alamar tsira ce. Ba da musu za ki canza wannan ba, kuma ba bakinki ne ya dace ya faɗa ba. Ki zaunar da maigidan, ki nuna masa katin da lissafin da muka yi a sama, shi ya je ya sami mahaifiyarsa. Sannan ranar awo mai zuwa ki roƙe ta ta raka ki, ki ce kina so ta ji abin da za su ce a kan kishiyarta. Ki ɗan riga ta shiga ki sanar da nas halin da ake ciki. Abin da suruka ta faɗa raini ne, amma in mai farin kaya ta faɗa, ilimi ne. Kuma kada a raba ta da aikin ciyarwa, a sauya masa wuri kawai: in tana so jikarta ta yi kumari, kuɗin gwangwani ya koma ƙwai da kifi da hanta da kunun gyaɗa na mai shayarwa. Wajen maigidanta kuwa, a roƙe ta alfarma ɗaya tak da farko, ta daina aiken sayen lemo. In wannan ta zauna sai a nemi ta biyu.

Ki sake rubuto mini bayan awo biyu, ki haɗo da tsawon yayan da sakamakon gwajinki.